Tsiro Goma Sha Biyu na Malam Ɗanliti

Malam Ɗanliti ya shekara goma sha huɗu a cikin wani ɗan akurkin gilashi a bakin gidan ajiye motoci da ke tsakiyar birnin Washington, yana miƙa tikiti yana ɗaga sandar ƙofa. Mutumin wani ƙauye ne a yamma da Ɗambatta. Malamin firamare ne a gida, amma alli bai taɓa raba shi da fartanya ba. Ana tashi daga makaranta sai gona. A shekarar 2001 ƙuri'ar biza ta faɗo kansa, ya ɗauko matarsa Sailuba da 'yarsu Zahra, suka kama hayar ƙasan wani tsohon gida a titin Eastern Avenue, daidai inda birnin ya ƙare. Gefen da suke Washington ne. Kana tsallaka kwalta ka shiga jihar Maryland, mai nata dokokin daban.

Bai taɓa neman zama ɗan ƙasa ba. Duk shekara sai ya ce katin zama ya ishe shi, ai baɗi zai koma gida. Zahra ta girma, ta yi aure, ta tafi Houston, baɗin bai zo ba.

A bayan gidan akwai wani ɗan fili da bai fi tabarma huɗu ba. Nan yake shuka kuɓewa da yakuwa da rama duk bazara. Wata shekara wata maƙwabciya ta hango ganyen ramar ta kan shinge, ta ɗauka wiwi ce, ta kira 'yan sanda. Suka zo su biyu, suka tsinki ganye suka shinshina, Sailuba ta fito da kwanon kwaɗo ta nuna musu abin da ake yi da shi. Ɗaya ma ya ɗanɗana. Ɗanliti ya daɗe yana ba da labarin nan a wajen suna da ɗaurin aure, ana dariya, shi da bai taɓa riƙe ko karan sigari ba.

Sailuba kuwa girki ne sana'arta. Duk wani taron Hausawa daga Springfield zuwa College Park, in ka ga masa da miyar taushe, to daga hannunta suka fito. A ƙarshen 2014 aka gano tana da ciwon daji a hanji. Aka yi aiki, aka fara ɗura mata magani ta jijiya duk bayan mako uku, wanda ake kira kemo. Maganin ya hana ta cin abinci. Ko albasa aka yanka a gidan sama sai ta tashi da amai. Likitarta, wata mata mai magana a hankali, ta nuna wa Ɗanliti sikelin da ke bakin ƙofa ta ce, a da Sailuba laba ɗari da hamsin take, yanzu ɗari da sha takwas. Ranar da ta sauka ƙasa da ɗari da goma za a dakatar da maganin, domin jikin ba zai ɗauka ba. In kuwa aka dakatar, ciwon zai samu fili. Sannan ta ce akwai abin da yake buɗe wa wasu ciki, kuma dokar birnin ta yarda a ba marar lafiya: tabar wiwi.

Sai da suka shiga bas Sailuba ta yi magana.

"Malam, ka ji abin da matar nan ta ce kuwa? Ni? Da furfurata?"

"Na ji."

"To ka saya min baƙin tabarau ma, in riƙa zama a bakin tasha."

Ya kira wani malami a waya, bai faɗi sunan kowa ba, ya ce wani ne ya aiko shi. Malamin ya ce in likita ya tabbatar babu makawa, larura ce, a sha gwargwadon larurar. Aka yi takardu. Aka ba Sailuba katin marar lafiya, shi kuma aka ba shi katin mai jinya. Katin nasa yana da iyaka: ya sayo a kanti ɗaya da aka yi musu rajista, ya kawo gida, mutum ɗaya tak yake yi wa. Shuka kuwa ba ta cikin abin da aka yarje masa.

Abin ya yi aiki. Ta fara shan kunu, ta ci tuwo loma biyar, shida. Amma inshora ba ta biya, shi kuma ya koma rabin aiki saboda jinya. Abin da yake iya sayowa kwana goma yake yi a wata. Kwana goma tana ci, kwana ashirin tana kallon kwano.

A watan Fabrairun 2015 sabuwar doka ta fara aiki a Washington. Duk baligi yana iya shuka tsiron wiwi shida a cikin gidan da yake zaune, gida guda kuma kada ya wuce goma sha biyu komai yawan mutanensa. Wani abokin aikinsa mai suna Gregory, haifaffen birnin, shi ya karanta masa a jarida, washegari kuma ya kawo masa iri a kwalbar magani.

"Kyauta ne," in ji Gregory. "Ko shayi kada ka saya min. Doka ta ce a bayar, ba ta ce a sayar ba."

Ya kuma gaya masa cewa abin yana da namiji da mace, macen ce mai amfani, kuma ba a gane su sai sun yi kamar mako shida. Wannan bai zame wa Ɗanliti sabon abu ba. Wa ya taɓa cin 'ya'yan namijin gwanda?

Ya samo bokitan fenti takwas ya huda gindinsu, ya jera su a ɗan ɗakin da tukunyar ɗumama gida take, ya rataya fitilu. Sai ya yi shuka yadda ya tashi ya ga ana yi: ƙwaya uku a kowane rami. Ba a jefa ƙwaya ɗaya a ƙasa a juya baya. Wata za ta ruɓe, wata ba za ta fito ba. Ya san da zancen goma sha biyu, bai manta ba. A lissafinsa, sai shuka ta nuna kanta a rage ta, abin da ya tsaya shi ne gona. Bai taɓa jin inda aka ƙirga hatsi kafin ragi ba. Cikin ashirin da huɗu, ashirin da ɗaya suka fito.

Rabon da ya ji sanyi a ransa irin na makonni ukun nan har ya manta. Kafin ya tafi aiki sai ya leƙa, in ya dawo nan zai fara shiga.

A tsallaken titi, ɓangaren Maryland, akwai Dorkas, nas ce 'yar Kagoro, wadda ta fi shekara goma tana shiga gidan kamar nata. In ta taso daga aiki takan biyo ta duba Sailuba, ta auna jininta, ta yi mata tsiya har sai ta yi dariya. Wata ranar Litinin ta tarar da takarda a kan tebur: mai gidan da suke haya yana sanar da cewa ranar Alhamis ma'aikaciyar hukuma za ta zo duba tukunyar ɗumama gida da na'urorin hayaƙi na kowane ɗaki.

"Baban Zahra, mu ga gonar taka," ta ce.

Ya kai ta yana murmushi. Ta tsuguna tana nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi. Da ta gama ta sake farowa.

"Ashirin da ɗaya. Malamin makaranta guda, lissafi ya gagare ka?"

"Ai ba a rage ba tukuna. Nan da mako uku zan san mazan, in cire su."

"Mako uku. Alhamis fa gata ce."

"Waɗannan 'yan jariran? Ko tsawon yatsa biyu ba su yi ba."

"Doka ba ta san jariri ba. In yana da saiwa da ganye, ɗaya ne." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ka saurare ni da kyau. Gregory ɗan ƙasa ne, in ya wuce iyaka tara za a ci shi, ko ya kwana biyu a rufe. Kai katin zama kawai gare ka. Gwamnatin tarayya ko tsiro ɗaya ba ta yarda da shi ba, ido kawai take kawarwa in mutum ya tsaya inda birni ya ce. Ka haura, a rubuta sunanka sau ɗaya, magana ta koma hannun 'yan shige da fice. In suka ɗauke ka, wa zai riƙa tashin Yaya Sailuba yana kai ta banɗaki? Ni da ke aikin awa sha biyu?"

Ɗanliti ya ce, "To ki ɗauki guda taran da suka haura. Ki ajiye min su mako uku kawai. Ga gidanki can ina hango tagarsa."

"Tagar tawa a Maryland take. Can ko ɗaya aka gani a ɗakina, lasisina ya tafi. Ka manta kwaltar nan?"

A garinsu dashe ba ya rasa mai karɓa. In ka rage tumatir ko barkono, ka leƙa ta katanga ka yi sallama, shi ke nan. Ranar Talata ya yi ta yawo da maganar. Gregory ya ce nasa shida sun cika, matarsa ma ta cika nata. Ya je wajen Inusah, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da suke sallar Juma'a tare, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Inusah ya ji tausayi, har ya riƙe hannunsa, amma ya ce gidan tsofaffin da yake ciki kuɗin tarayya ne ke riƙe da shi, ganye ɗaya ya isa a fitar masa da kaya waje. Bayan waɗannan babu wanda zai iya tunkara. Sauran jama'a in suka ji, kafin la'asar labari ya isa Ɗambatta.

Ya dawo ya zauna a bakin gadon Sailuba ya ce yana tunanin ɓoye taran a cikin kwabar kaya, ko a bayan mota, har matar ta zo ta tafi.

"In ta tafi fa?" in ji Sailuba. "Mai gyaran famfo ya zo, nas ɗin asibiti ta zo, mai gida ya zo. Malam, ciwon nan ya ishe ni. Ba zan kwanta ina sauraron ƙofa ba."

"In na cire yanzu, a makance zan cire."

"Kai da ka yi noma tun kafin a yi maka kaciya? Je ka cire."

Ranar Laraba da la'asar ya tsuguna a gaban bokitan. Ya daɗe yana dubawa, ko zai ga wata alama. Babu. Duk ganye iri ɗaya. Sai ya bar hannunsa ya yi abin da ya saba a gonar gero: ka bar dogo mai ƙarfin kara wanda ya riga 'yan'uwansa tashi, ka cire gajere wanda ya tsaya yana tara ganye a ƙasa. Bai yi wata doguwar shakka ba, hannun ya san aikinsa. Ya cire tara, ya daddatse su da almakashi, ya binne a bayan gida.

Ranar Alhamis matar ta zo da ɗan allonta. Ta duba tukunya, ta danna na'urar kowane ɗaki. A gaban bokitan ta ɗan tsaya, idonta ya bi su, ta tambayi manya nawa ne a gidan. Ya ce biyu. Ta ce wayar fitilun ta yi kusa da bututun zafi, ya matsar da ita. Ta sa hannu ta tafi.

A tsakiyar Afrilu tsiron suka fara fitar da wasu 'yan ƙulle-ƙulle a hammatar ganye. Ya kira Gregory ya zo ya duba masa. Gregory ya sa tabarau ya bi su, yana cewa namiji, namiji, wannan ma namiji. Da farko da dariya yake faɗa. Da ya kai na bakwai ya daina.

"Da ka rage, waɗanne ka bari?"

"Masu ƙarfin. Dogayen."

Gregory ya cire tabarau ya shafa fuska. Ya ce laifinsa ne da bai faɗa ba. A wannan tsiron, yawanci maza ne ke rigan tashi su yi tsawo. Gajerun nan masu tara ganye, su ne aka fi samun mata a ciki.

Goma maza, biyu mata. Su ma biyun sun tsira ne don a bokitinsu babu wanda ya fi su.

Bayan Gregory ya tafi, Ɗanliti ya kifa wani bokiti ya zauna a kai. Ya yi ta tuna taran nan ɗaya bayan ɗaya, har da wata mai ganye jajaja da ya ɗan yi jinkiri a kanta. Da ya gaji da zama ya tuge mazan, ya wanke hannu, ya shiga ya gaya wa Sailuba yadda aka yi, bai rage komai ba.

Ta dube shi daga kan matashi. Fuskarta ta zama sai ido.

"Maza ka zaɓa," ta ce. "Ai dama ku haka kuke. Da aka haifi Zahra ma sai da ka kwana biyu kana murmushin yaƙe."

"Ban yi ba."

"Ka yi. Inna ta gani." Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa ta ce, "Biyun dai ka kula da su."

Iri ya ƙare, na Gregory ma ya ƙare. Abin da ya rage shi ne a yanki reshen macen a dasa, kamar yadda ake yi wa rogo, tunda reshen mace mace zai bayar. Amma uwayen ƙanana ne, duk reshen da ka yanka ka rage abin da za ka girba. Ya jira har suka yi ƙwari, ya yanki shida, uku suka kama. Waɗannan sai kaka ta yi nisa za su ba da wani abu.

A watan Mayu sikeli ya nuna ɗari da takwas. Likita ta rufe fayil ta ce a dakata, a dawo in jiki ya dawo. Azumi ya kama a tsakiyar Yuni, ranaku dogaye, zafi kamar a tukunya. Yana zaune a akurkinsa daga safe zuwa azahar, ya dawo ya yi wanki, ya dama kunun da za a sha cokali uku a ture. Zahra ta zo ta yi mako guda, ta yi kuka a kicin da Turanci, ta koma wajen 'ya'yanta. Mata suna zuwa dubiya da kuloli, Ɗanliti yana kulle ƙofar ɗakin tukunya yana sa makullin a aljihu. Wata ta ce wa Sailuba Allah sarki, bana ba ta samu azumi ba. Sailuba ta ce ita da ta fara nata tun Janairu, sai dai a ba ta na wasu ta riƙe musu.

Bayan sallah da mako biyu ya yi girbi. Abin da biyun suka bayar bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Ya shanya a ɗaki, ya soya man shanu yadda Sailuba take kwatanta masa daga gado, ya haɗa, ya tace a kwalbar zuma. Kwalba ɗaya, ba ta ma cika ba. Cokali guda a kunu, safe da yamma.

A kwana na huɗu ta ce tana son ɗanwake. Bai taɓa yi ba. Ya kwaɓa, kanwa ta yi yawa, wasu suka narke a ruwa, waɗanda suka tsira suka yi tauri. Ta ci tana faɗin abin da ya ɓata, ta ce ko a gidan makoki ba za a ba mutum wannan ba. Ta ci bakwai. Washegari ta sa aka kawo mata kujera kicin, ta zauna tana ba da umarni.

Haka Agusta ya wuce. Yana dafawa, tana kushewa, tana ci. Dorkas ta kawo nata sikelin, duk Lahadi sai ta ɗora ta, ta ce, "Yaya, cire ɗankwalin, ban yarda da ke ba, ƙila dutse kika ɗaure a ciki."

A makon farko na Satumba suka koma asibiti. Sailuba ta hau sikeli tana riƙe da hannunsa, nas ta ce ya sake ta. Ya saki. Ɗari da sha ɗaya. Likita ta duba sakamakon jini, ta duba hoton da aka ɗauka, ta ce ciwon ya ɗan matsa a watannin da aka tsaya, amma ba inda ba za a bi shi ba. Za a koma kemo ranar Talata, zagaye huɗu, in dai nauyin bai sake faɗuwa ba.

Suka fito suka zauna a bencin jiran bas. Rana tana da sauran zafi. Ɗanliti ya san daga Talata amai zai dawo. Ya san abin da ya rage a kwalbar bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma dashen nan uku suna da sauran wata biyu cur. Ga kwana goman kanti a kowane wata, ga abin da ke kwalba, ko ta ina ya haɗa sai ya ga rami a tsakiyar Oktoba.

"Kana ta motsa baki," in ji Sailuba. "Kwalbar ce?"

"Ita ce."

"A mai da shi rabin cokali."

"Rabi ba ya riƙe ki. Mun gwada."

"To sau ɗaya a rana. Da yamma, lokacin da abinci ya fi shiga."

"In kika sauka kuma fa? Laba ɗaya ce tsakaninki da layin."

"Malam, me kake so in ce maka?"

Ta gyara mayafinta, ta jingina da kafaɗarsa, abin da ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba. Bas ta taho, ya ga ta cika, babu wurin zama. Ya ɗaga wa direban hannu ya wuce, suka jira ta gaba.